Wace ce matar da ta taka mutum a hatimin jihar Virginia?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka daɗe a Virginia, ko masu karatun tarihin Amurka, ku taimaka mini da bayani.

Ba mu jima da tarewa a jihar nan ba, kuma Ilham tana aji huɗu, ajin da ake koya wa yara tarihin jihar. Jiya ta zo da aikin gida, hoton tutar jiha ne aka ce su shafa masa kala. Da ma ina ganin tutar a gaban ofisoshi, shuɗiya da farin da'ira a tsakiya, amma daga nesa ba a gane abin da ke ciki. Da na karɓi takardar na duba da kyau sai na ce ikon Allah. Mace ce tsaye da kwalkwali a ka, mashi a hannu ɗaya, wani abu kamar gajeren takobi a ɗayan, rigarta ta zame nono ɗaya a waje, ta ɗora ƙafa a kan wani namiji da ke kwance wanwar. Ga kambin sarauta can gefe ya faɗi. A ƙasa an rubuta Sic Semper Tyrannis.

Yarinya ta tsare ni da tambaya: "Umma, kashe shi ta yi? Me ya yi mata? Mijinta ne?" Na ce ta dakata sai na tambayi manya. Maƙwabciyarmu ta ce ai Sarki George na Ingila ne a kwance. Baban Ilham kuma ya ce ya taɓa jin cewa kalmomin nan su ne wanda ya harbe Shugaba Lincoln ya faɗa. To in haka ne, ta yaya jiha za ta bar maganar mai kisan kai a tutarta? Na duba na sauran jihohi, daga mai jirgin ruwa sai mai garma sai mai damin alkama. Wa ya zauna ya zaɓa wa Virginia wannan, kuma me yake nufi?

Ɗan Baba ya rubuta:

Anti, ki ce wa Ilham ba mijinta ba ne, kada yarinya ta tashi da wani tunani. Ni dai tun ranar da na ga hoton nan a ƙofar motar 'yan sandan jiha na rage gudu a hanyar Richmond, babban birnin jihar. Mu jira Kawu Notari, shi ne ya san tushen abin.

Kawu Notari ya rubuta:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Barka da zuwa, Allah ya sa kun shigo a sa'a.

Abin da kika gani a tsakiyar tutar hatimin jiha ne, kuma ya girme wa tutar da shekara 85. An amince da hatimin a 1776, tutar kuwa sai a 1861. Ni sana'ata shaida sa hannu a takardu, kuma takardar izinin da aka ba ni bayan na yi rantsuwa a ofishin magatakardan kotu tana ɗauke da hoton nan. Tana rataye daidai gaban teburina, don haka na ƙare wa matar nan da mutumin nata kallo.

Sai kin san abin da hatimin ya gada kafin ki gane shi. Lokacin da Virginia take ƙarƙashin Ingila, hatimin da ake buga wa takardun hukuma yana nuna sarki ko sarauniya a tsaye cikin kayan sarauta, ga ɗan asalin ƙasar, wato Ba'indiye, ya durƙusa yana miƙa ganyen taba. Taba ita ce dukiyar Virginia a lokacin. Saƙon a fili yake: ƙasar nan da abin da take nomawa na mai kambi ne. Da rikici ya yi zafi, gwamnan sarki na ƙarshe, Lord Dunmore, ya gudu daga fadarsa ta Williamsburg a watan Yunin 1775 ya koma cikin jirgin yaƙi. Ranar 29 ga Yuni 1776 babban taron wakilan Virginia ya kafa tsarin mulki, ya zaɓi Patrick Henry gwamna. To ga gwamna, ga majalisa, amma ba hatimi. A zamanin nan takardar da ba hatimi banza ce: ba za ka naɗa hafsan soja ba, ba za ka ba da takardar mallakar fili ba, ba za ka aika wakili wata ƙasa a karɓe shi ba. Kuma ba a yi wa sarki tawaye da safe a buga hotonsa a takarda da yamma.

Ranar 1 ga Yuli aka kafa kwamitin mutum huɗu: Richard Henry Lee, George Mason, George Wythe da Robert Carter Nicholas. Ranar 5 ga Yuli, kwana ɗaya bayan shelar 'yancin kai a Philadelphia, Mason ya karanta wa taron bayanin hatimin, aka amince. Yawancin masana suna cewa Wythe ne ya yi ainihin tunanin. Lauya ne, masanin Latin da Girkanci, kuma shi ya koya wa Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shari'a. Duk wanda ya san mutumin ba zai yi mamakin ganin Rumawa a hatimin ba.

Da gangan suka guje wa irin tambarin gidajen sarautar Turai, na garkuwa da zaki da kambi a sama. Suka koma wa tsohuwar Rum, wadda mutanenta suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarquin, a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kafa jamhuriya. Matar ba wata mace ba ce da ta taɓa rayuwa. Sunanta Virtus, siffa ce da Rumawa suka ba jarumta da nagartar hali, aka sa mata kayan mayaƙan matan nan na tatsuniyar Girkawa da ake kira Amazon. Namijin kuma sunansa a dokar jiha Zalunci, shi ke nan. Kalmomin Latin ɗin suna nufin "haka ƙarshen azzalumai yake kullum".

Yanzu ki ɗauko takardar Ilham ku duba tare, don abin da ya fi burge ni sai an matso ake ganinsa. Mashin da ke hannunta na dama, tsininsa ƙasa yake kallo, har ya taɓa ƙasa, dogara shi ta yi. Takobin da ke hannun hagu yana cikin kube, kuma irin gajeren nan ne da manyan hafsoshin Rum suke riƙewa don nuna muƙami. Fuskarta ba ta kallon wanda ta taka, kanta a ɗage yake. Ba jini ko ɗigo. Ƙafar hagu ce a kansa. Shi kuwa, dubi hannayensa: a hagu sarƙa ce da ta tsinke, a dama bulala. Kayan aikinsa ke nan, yana riƙe da su amma sun daina amfani. Rigarsa shunayya ce, launin da sarakunan Rum suka keɓe wa kansu. Ashe ke nan ba ana cikin faɗa ba ne, an gama. Kuma ki tuna sun tsara ainihin hoton nan a watan Yulin 1776, lokacin da rundunar Ingila take sauka kusa da New York, ba wanda ya san yadda za a ƙare. Sai a 1781 Janar Cornwallis na Ingila ya miƙa wuya a Yorktown, nan cikin Virginia. Ƙarfin hali ne mutum ya zana nasararsa shekara biyar kafin ta zo.

Amsar tambayar Ilham: doka cewa ta yi yana kwance, ba ta ce ya mutu ba. Ki ce mata kayar da shi aka yi, aka raba shi da kambi.

Maganar maƙwabciyarki tana da gaskiya ta wani ɓangare. Duk wanda ya ga hatimin a 1776 George na Uku ne zai faɗo masa a rai. Amma ba a sa wa na kwancen fuskar George ba, ba a sa masa tufafin Turawan Ingila ba, ba a rubuta sunansa ba. A ganina nan gwanintar masu zanen take, nan kuma haɗarin yake. Sun bar fuskar a buɗe, kowa ya zo sai ya ɗora ta wanda ya tsana.

Abin da Baban Ilham ya ji gaskiya ne. Daren 14 ga Afrilu 1865 John Wilkes Booth ya harbi Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford da ke Washington, ya diro kan dandamali yana ihun kalmomin nan. Lincoln ya cika washegari da safe. Amma Booth aro ya yi, kalmomin sun riga sun shekara 89 a hatimin. Shi a wurinsa Lincoln ne na kwancen, shi kuma matar.

Ummi Ɗaliba ta rubuta:

Kawu, Allah ya ƙara sani. Amma da izininka, akwai wanda ka bari a waje, kuma ni shi nake fara gani duk lokacin da na kalli hatimin nan.

Sarƙa da bulala. A Virginia ta 1776 waɗannan ba alamu ba ne na littafi, kayan aiki ne da ke rataye a gonakin taba. Su wa ke riƙe da su? Ba Sarki George ba, shi yana can London. Mutanen da suka zauna a taron nan ne. George Mason da ya karanta bayanin hatimin, shi ya rubuta Shelar Haƙƙoƙi ta Virginia da aka amince da ita ranar 12 ga Yuni 1776, wadda ta buɗe da cewa duk mutane daidai suke wajen 'yanci. A gidansa na Gunston Hall bayi ne suke masa noma, kuma har ya mutu bai 'yanta su ba. Taron ma sai da ya ƙara wasu kalmomi a shelar don kada wani ya ce ta shafi bayi. Patrick Henry mai bayi ne, Jefferson mai bayi ne. Ƙidayar farko ta 1790 ta samu bayi fiye da 290,000 a Virginia, kusan kashi 40 cikin 100 na jama'ar jihar, kuma ba jihar da ta kai ta. Tun 1619 aka fara sauke 'yan Afirka a Point Comfort. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango na sarki.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne gwamnan nan da Kawu ya ce ya gudu. A watan Nuwamban 1775 Dunmore ya yi shela cewa duk bawan 'yan tawaye da ya gudo ya ɗauki makami a ɓangaren sarki ya 'yantu. Ba don tausayi ya yi ba, soja yake nema. Duk da haka ɗaruruwa suka tsere zuwa gare shi, ya haɗa su runduna guda, da yawa cikinsu cutar agana ta kashe. To a idon waɗancan mutane, wane ne azzalumi? Wanda aka zana a kwance shi ya buɗe musu ƙofa.

Sannan tutar da aka ba Ilham ta shafa wa kala, a duba ranar haihuwarta. Virginia ta ɓalle daga tarayyar Amurka ranar 17 ga Afrilu 1861, kuma taron da ya ɓallar da ita shi ne ya ɗora hatimin a kan shuɗin ƙyalle a ƙarshen watan. Richmond ta zama babban birnin 'yan awaren Kudu. A yaƙin basasar da ya biyo baya, sojojin da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore sun riƙe tuta mai hoton tsinkakkiyar sarƙa.

Amma akwai wani abu da na karanta da ya wanke mini zuciya. Runduna ta 22 ta baƙaƙen sojojin gwamnatin tarayya, wadda aka haɗa kusa da Philadelphia a 1864, tana da tuta da wani baƙin mai zane, David Bustill Bowser, ya yi mata. Ya zana baƙin soja da banati a bakin bindiga, ya tsaya a kan sojan Kudu da ya faɗi, ya rubuta Sic Semper Tyrannis a sama. Wato ya ɗauki hatimin Virginia ya juya shi a kan Virginia. Rundunar nan ta yi yaƙi a kewayen Petersburg, tana cikin waɗanda suka shiga Richmond da ta faɗi a farkon Afrilun 1865, ta yi maci a jana'izar Lincoln, har aka tura ta cikin masu farautar Booth. A wata guda, kalmomi uku, ga su a bakin wanda ya yi kisa, ga su a tutar masu nemansa.

Anti, ban ce ki zuba wa 'yar aji huɗu duk wannan ba. Amma in ta tambaya me ya sa yake riƙe da bulala, kada a ce mata ado ne.

Maman Ilham ta rubuta:

Kai, na gode ƙwarai Kawu, na gode Ummi. Na karanta wa Baban Ilham, ya ce ashe dai bai yi ƙarya ba.

Saura biyu. Kawu, ba ka ce komai a kan tsiraicin ba, kuma gaskiya shi ya fara tsaya mini a rai. Su da suke ta maganar kare yara, ba wanda ya taɓa cewa a rufa mata jiki? Na biyu, malamarsu ta ce wa yaran hatimin yana da baya kamar kwabo. Me ke bayan?

Kawu Notari ya rubuta:

Ummi, 'yata, duk abin da kika kawo haka yake, ba ni da ja. Zan dawo kanki. Bari in sallami Maman Ilham tukuna.

Malamar ta yi daidai. Hatimi biyu ne a hannun Sakataren Jiha, shi doka ta ba ajiyarsu. Babban faifai biyu ne na ƙarfe, faɗin kowanne inci biyu da kwata, gaba da baya, ana buga shi a takardun da gwamna ya sa wa hannu waɗanda za a yi amfani da su a wajen jihar. Ƙaramin bai kai inci biyu ba, fuskar gaba kawai gare shi, shi ake sa wa takardun naɗi da na afuwa da makamantansu. Shi ya sa mutum zai shekara da shekaru a nan bai taɓa ganin bayan ba.

A bayan mata uku ne tsaye, su ma daga Rumawa. Ta tsakiya 'Yanci ce, tana riƙe da sanda da wata 'yar hula. Hular nan, Ummi, ita ce wadda ake sa wa bawa a Rum ranar da aka 'yanta shi, ki ƙara a lissafinki. Ɗaya gefen Ceres ce, uwar noma, da zangarniyar alkama da ƙaho cike da amfanin gona. Ɗaya gefen Dawwama ce, tana ɗauke da ƙwallon duniya da tsuntsun almarar nan da ake cewa yana ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa. Gaba yana cewa mun kayar da shi, baya yana cewa ga abin da muke so mu ci moriya.

Rubutun bayan yana da ɗan labari mai ban dariya. Na farko da kwamitin ya zaɓa wani baiti ne na mawaƙin Rum, Virgil, mai cewa Allah ne ya ba mu wannan hutu. Jefferson yana Philadelphia labari ya iske shi, ya rubuto wa abokinsa John Page cewa hoton gaba ya yi masa, amma wannan magana ta hutu ta ɗaure wa kowa kai. Ana tsakiyar yaƙi, wane hutu? A 1779, Jefferson yana gwamna, majalisa ta canza shi zuwa kalma ɗaya, Perseverando, wato da juriya. Ita ce har yau.

Batun ƙirji kuwa, bayanin 1776 cewa kawai ya yi a sa mata shigar Amazon, kuma haka masu sassaƙan dā suke nuna su, kafaɗa ɗaya a sake. Da yake da baki aka bayyana hatimin, ba a haɗa da zane ba, kowane maƙeri da mai ɗab'i ya riƙa yin nasa. A wani tana sanye da sulke, a wani takobin a zare yake tana shirin sara, a wani ma sai ka rantse namiji ne. Abin ya ishi majalisa, a 1930 ta kafa kwamiti ya tsayar da siffa ɗaya. Wani masassaƙi, Charles Keck, ya yi aikin, kuma nasa ne kike gani a takardar Ilham. In kun je Richmond ku duba ƙofofin tagulla na ginin majalisa, yana nan. Launukan kuma a 1949 aka tsayar da su. Ganyen da ya zagaye da'irar wani tsiro ne mai yaɗo da ake samu ko'ina a jihar.

An yi yunƙurin rufa mata. A 2010 Antoni Janar na jihar, Ken Cuccinelli, ya raba wa ma'aikatan ofishinsa ɗan bajon maƙalawa a kwat wanda aka sa wa Virtus sulke ya rufe ƙirjin. Ya ce daga wani tsohon zane ya ɗauko. Jaridu da masu barkwancin talabijin suka sa shi gaba, cikin 'yan kwanaki ya janye. A 2025 kuma labari ya fito cewa wata hukumar makarantu kusa da Houston a Texas ta cire darasin Virginia daga manhajar yaran firamare saboda hoton. Ni ra'ayina, da an rufe da ban yi kuka ba, don ba abin da zai ragu a ma'anar. Sai dai yana ba ni mamaki yadda a hoton da ke da bulala da sarƙa da mutum a ƙarƙashin ƙafa, hankalin manya ya fi tafiya can.

Yanzu Ummi. Ba zan wanke su ba, amma kada a yi musu kuɗin goro, musamman Wythe. Shi ma ya mallaki bayi, daga baya ya 'yanta su. Da ya zama alƙali a Richmond, a wata shari'a ta 1806 da wasu mata suka kai suna neman 'yancinsu, ya kafa hujja da Shelar Haƙƙoƙin nan ta Mason, ya ce asalin kowane mutum ɗa ne, wanda ya ce wani bawansa ne shi zai kawo shaida. Kotun ɗaukaka ƙara ta bar matan da 'yancinsu saboda kakarsu Ba'indiya ce, amma ta yi watsi da hujjarsa. A shekarar ne jikan 'yar'uwarsa, George Wythe Sweeney, wanda bashin caca ya yi wa katutu kuma yake jiran gado, ya zuba guba a gidan. Wani yaro baƙi da Wythe yake koyarwa, Michael Brown, ya mutu. Mai dafa abincin gidan, Lydia Broadnax, wadda ya 'yanta, ta sha da ƙyar. Tsohon ya yi jinya kamar mako biyu, ya samu ya cire Sweeney daga wasiyya, ya rasu ranar 8 ga Yuni. Aka kai Sweeney kotu aka sallame shi daga tuhumar kisa. Babbar shaida Lydia ce, kuma dokar Virginia ta hana baƙar fata ba da shaida a kan farar fata. Mutumin da ake cewa shi ya zana tsinkakkiyar sarƙar, dokar bauta ce ta kuɓutar da wanda ya kashe shi.

Ɗan Baba ya rubuta:

Kawu, wannan ai ya fi fim. Amma ni a intanet na ga an ce Brutus ne ya fara faɗin kalmomin lokacin da suka daɓa wa Julius Kaisar, shugaban Rum, wuƙa. Kuma tunda jihohi suna canza nasu, me zai hana Virginia ta huta da rigima ta sa tsuntsu?

Ummi Ɗaliba ta rubuta:

Yaya, maganar Brutus yawo kawai take yi. An kashe Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma marubutan dā da suka ba da labarin kisan ba wanda ya kawo wannan jimla a bakin Brutus. Daga baya aka laƙa masa. Booth ɗan wasan kwaikwayo ne, sunan mahaifinsa ma Junius Brutus Booth, shi ya sa labaran biyu suka cakuɗe wa mutane.

Ni ina goyon bayan a canza. Minnesota ta yi a watan Mayun 2024: ta cire tsohon hatiminta mai Bature yana huɗa Ba'indiye yana wucewa a kan doki, ta sa tsuntsun ruwan jihar, kuma sama ba ta faɗo ba. Kada a manta, ranar da aka kama Timothy McVeigh a 1995, bayan bam ɗin Oklahoma City da ya kashe mutum 168, rigar jikinsa tana da hoton Lincoln da kalmomin nan. Take da masu kisa suke so haka, jiha ta sake tunani.

Kawu Notari ya rubuta:

A nan muka rabu, 'yata. Na Minnesota hoton wasu mutane ne na gaske ana nuna an ture su daga ƙasarsu, jikokinsu suna raye suna kallo. Na Virginia ba ƙabilar kowa a kwance. Booth da McVeigh sun ɗauki kalmomin sun bar hoton, don matar da ke hoton takobinta a kube yake. Kuma ke da bakinki kika kawo Bowser: da ba wannan hatimin, da me zai mayar wa masu bayi martani da harshensu? Pennsylvania ma a bayan nata hatimin mace ce ta taka zaki da sunan Zalunci, ba wanda ya tada jijiyar wuya.

In ana neman abin gyara, ni ga nawa. Lokacin yaƙin basasa akwai 'yan Virginia da suka ƙi ɓallewa, suka kafa gwamnati mai biyayya ga tarayya ƙarƙashin Gwamna Francis Pierpont. Hatimin da gwamnatinsa ta yi aiki da shi an ƙara masa kalmomi biyu, 'Yanci da Haɗin Kai, kuma da shi aka ci gaba bayan yaƙi. A 1873, da tsofaffin 'yan aware suka dawo da ƙarfinsu a majalisa, suka sa aka goge su. Da za a kawo ƙuri'a gobe, ba zan taɓa matar ba, ba zan taɓa na kwancen ba, waɗannan kalmomi biyu zan ce a mayar.